Ranar da aka shafa wa injin niƙa alli

Injin niƙan wana ne, ni ke tsaronsa a bakin kasuwar Madarumfa. Wata rana da bazara ya yi zafi har yana huci, tausayi ya kama ni, na kwara masa ruwan randa ƙwarya biyu. Kwana uku bayan haka ya tsaya cak. Ban gaya wa kowa ba.

Yaya ya ɗauko bakanike daga Maraɗi, wani gajere mai tabarau ɗaure da zare. Ya warware injin kaf, saura gangar jikin kawai, wadda yake kira bulok.

"In ya tsage, sai dai ku ɗaure akuya da shi," in ji shi. "Ruwan sanyi ke tsaga su. Akwai wanda ya taɓa yi masa wanka?"

Yaya ya ce duk wanda ya yi haka ya bar wurin niƙa har abada. Ni kuwa na duƙa ina gyara takalmi.

Ni aka sa wanki. Yini biyu ina cuɗa bulok da gazuwal, wato man dizal, da tsumma, bakanike na bi da yatsa yana cewa, "Haka kake wanke ƙafarka in za ka yi alwala?" Da ya yarda bulok ya fita tas, ya jiƙa shi da kananzir, ya goge, ya ce a kawo farin gari. In akwai tsaga, kananzir da ya shige ciki zai fito ya ja layi a kan farin.

A lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina da alli guda uku da nake ɓoyewa a hula. Ya karɓe. Ba su isa ba, sai da na bi gidajen 'yan ajinmu. Maiɗakina ta hana turminta, ta ce ba ta auri malamin lakwal mai koyar da boko ba, a dutse na niƙa allin.

Aka barbaɗe bulok ya yi fari fat, aka aje shi a rana. Dattawa suka jawo tabarmi suka kewaye shi kamar masu duban wata. Wani tsoho ma sai da ya yi masa sannu.

Can sai ga layi siriri a gefe. Kafin bakanike ya gyara tabarau na miƙe.

"Yaya, ni ne. Ƙwarya biyu. Kuma ba ranar ce ta fari ba, da azumi ma na yi."

Bakanike ya sa farce ya ɗago layin, ya ɗaga shi sama. Zaren tsummana ne.

"Lafiyarsa lau," ya ce. "Amma ci gaba, Malam, muna ji."

Yaya ya buɗe baki zai yanke hukunci, bakanike ya ce a dakata, bai gama ba. Ya zura waya cikin hanyar mai, ya jawo wani abu baƙi mai danƙo, ya sansana, ya sake sansanawa.

"Wa ke soya ƙosai a cikin injin nan?"

Ya ce wannan man gyaɗa ne, shi ya toshe hanya, shi ya tsayar da injin. Ni dai ban taɓa riƙe galan ɗin mai ba, kowa ya sani, a ɗakin Yaya yake kwana.

Yaya ya dubi tabkin Madarumfa, ya daɗe yana dubansa.

"Mai ai mai ne," ya ce a hankali.

Dattawa suka fara naɗe tabarmi, kowa na tari. Da aka watse Yaya ya matso kusa da ni, bai dube ni ba.

"In an haɗa shi, ka riƙa buɗewa da wuri. Mata na ƙorafi."

Na ce to, Yaya.