Tanon da Tankari Ya Aika Gida

A zamaninmu, idan sandar ƙafar jirgin sama ta cinye, tsoma ta ake yi a kwamin ruwan kurom, sinadarin da ke lulluɓe ƙarfe, a sa lantarki, ta fito tana ƙyalli. Yanzu, kamar yadda na gani a Faransa da Maroko, garin ƙarfe mai tauri ake fesa mata da harshen wuta, kuma ya fi kurom jure guga. Matasa kan ce tsohon aikin ya fi kyan gani. Ba su san ruwan ba. Ja-ja ne, tururinsa na cin nama. Abokin aikina Tankari, mutumin Ɗan Kassari, har huda ya yi masa a cikin hanci.

Ranar da ba ta fita raina ita ce wadda na kai saƙo gidansu, na zo konje, wato hutu, daga wurin gyaran jiragen da muke aiki a bakin teku. Ina shiga na ga amalanken jaki ɗauke da tanon ruwa, irin gangar ƙarfen nan. Na san tanon. A irinsa garin kurom ke zuwa mana, hoton ƙoƙon kan mutum ma bai gama gogewa ba.

Tsohuwarsa ta ce Tankari ne ya aiko da shi ta hannun direbobi. Kun dai sani, a Arewa ba a yar da tano. Ta ce ta wanke shi da toka, awaki ta fara shayarwa, biyu suka mutu, aka ce iska ce.

"Inna, mutane fa? Wa ya sha?"

"Kai ɗan nan, duk yawonka ba ka ga ruwan tabki ba? Ya ɗara wanga ja."

Sai na hango matar Tankari, mai ciki, tana dama fura da ruwan tanon. Na karɓe ƙwaryar na kifar. Ta ce ta kurɓa sau ɗaya. Muka kama hanyar rairayi zuwa Dogon Dutsi wurin lokotoro, wato likita, ina ta duban leɓenta, ina addu'a cikin kowane harshen da na iya. Allah Ya tsare ta da cikin.

Da na dawo na sare tanon da gatari. Don haushin tanonta, Inna ba ta amsa sallamata ba.

Tankari da ya ji, zama ya yi a ƙasa. Tun daga nan babu tanon da ya sake fita wurin aikinmu ba a huda shi ba. Daga baya aka rufe kwamin, aka koma feshi. Hudar hancin Tankari ce kawai ba ta rufe ba.