Ayabar Yaya Balaraba

Malam Datti mijin yayata ne, marigayiya Balaraba, kuma ban taɓa ɓoye masa cewa bai cika min ido ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da ilimin halittu a wata sakandare, ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Unguwar Rimi da furfura da kalma ɗaya da yake taunawa kamar goro: semelfariti.

Ba wanda ya tsira daga gare ta. Mai keke ya sha, mai gyaran famfo ya sha, har masu zaman makokin matarsa sai da ya yi musu karatu. Zai gyara tabarau ya ce kalmar daga Latin take, semel sau ɗaya, pario haihuwa, wato halittar da ke tara ƙarfinta kaf ta hayayyafa sau ɗaya tak, sannan ta mutu. Akasinta kuma iterofariti, masu maimaitawa irin akuya da ɗan Adam. Yana faɗin wannan da yatsine, shi da ya haifi shida.

A bayan gidan akwai ayabar da Yaya ta taho da ita daga gidanmu na Rafin Guza tana amarya. Ayaba kuwa in uwa ta yi nono aka sare ta, 'ya'yan da suka tsiro a gindinta su ke gadonta. Duk 'yar da Yaya ta aurar sai ta cire mata ɗaya ta dasa a ɗakin miji. Saura auta, Na'ima, wadda aka sa wa rana bayan rasuwar uwar. Yarinyar ba ta roƙi komai daga kayan mamaciya ba sai wannan. Ta faɗa wa uban a gabana, ya ce to, idonsa na kan waya.

Malam bai taɓa zuba wa ayabar ko moɗa ɗaya ba. Amma da ya ga babbar ta fara fure, sai ya tuna ya samu abin nuna wa abokan hirarsa na ƙofar masallaci. Ya yanke shawarar 'ya'yan nan tsotse ƙarfin uwa suke yi. Ya sa adda ya sare su duka, ya ƙwaƙule idon kowanne, ya tsiyaya kananzir har ƙasa ta jiƙe, wai haka ya karanta. Da na yi magana ya ce in bari sai na san Latin.

Nonon ya fito ƙato, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya tsaya kusa da shi an ɗauke shi hoto cikin babbar riga, ya raba wa tsofaffin ma'aikata 'yan'uwansa ayabar, kowa da laccarsa. Daga nan uwar ta bushe, gindin ya ruɓe. Damina ta shigo, ko tsinke bai tsiro ba. Na yayyen Na'ima kuwa, a gidajen haya da siminti, sun daɗe da mutuwa.

Ana jibi kai amarya Na'ima ta zo bayan gida da bokitin ƙasa da taki, ina biye da ita. Ta durƙusa ta tona da hannu, ba ta samo komai ba sai baƙin ruɓa mai warin kananzir. Raina ya ɓaci.

"Baba, ina rabona?" ta ce.

Ya leƙo ta taga da kofin shayi. "Ai abin da nake gaya muku ke nan kullum, Na'ima. Sau ɗaya, sai mutuwa. Kin ga yanzu kin gani da idonki."

Ta ɗebi ƙasar wurin ta ƙara a bokitin, ta goge hannu a zaninta. Da bokitin muka kai ta gidan mijinta a Unguwar Sarki, yana nan a ƙofar ɗakinta, kuma har yau takan zuba masa ruwa.