Malam Mahaman da Hotunan Mushe

Shekara ashirin da biyu muna fawa tare da Malam Mahaman a wani shagon nama a unguwar Mount Hope, nan Amurka, ban taɓa jin ya yi fahariya ba sai a kan 'yarsa Safiatou. Ita kuwa, in faɗi gaskiya, haushinta nake ji. Uba ya yi mata Hausa ta amsa da Turanci, ko ƙofar shago ba ta son tsayawa, wai ƙarni.

Karatun namun daji take yi a jami'a. Aikinta na kammalawa a kan elk ne, wata ƙatuwar barewar Amurka mai ƙaho rassa-rassa. An aiko mata hotunan mushensu ɗari uku daga duwatsun yamma, ta tantance wa ya fi kashe su, kyarkeci ko zakin dutse, wanda kamar ɗan'uwan damisa ne. Duk inda ta ga sawun kyarkeci a ƙanƙara sai ta ɗora masa laifin.

Wata Lahadi uban ya leƙa kwamfutarta, ya ga wani hoto, ya ce wannan kam ba aikin kyarkeci ba ne. A lokacin ciwon suga ya riga ya cinye idonsa na hagu, na dama ma ya fara hazo. Amma mutumin a kiwo ya tashi, can dajin Tamou a Nijar. Ya nuna mata gashi an tsige shi tuli guda, tumbi an ja shi gefe, sauran naman an rufa masa ganye. Ya ce dangin kyanwa ke wannan tsafta, kuma maƙogwaro suke kamawa. Kyarkeci ta baya yake cizo, ya watsa ƙashi ko'ina. A wannan hoton, kyarkecin zuwa ya yi daga baya ya ƙwace mushen. A garinsu ma, in ji shi, an taɓa ƙarar da kuraye da guba saboda maruƙa, alhali damisa ce ke kisan, kura wawaso kawai take yi.

Safiatou ta kai wa malaminta maganar, ya ce a sake bin hotunan duka. Ta dawo wajen uban, kanta a ƙasa, ta roƙe shi ya taya ta.

Likita ya ce idon daman ba zai kai ƙarshen shekara ba. Na yi wa Malam Mahaman faɗa, wallahi har da baƙar magana, na ce ya bar ɗan ganin da ya rage ya huta. Ya ce sai sun gama. Kullum bayan la'asar yana zaune kusa da ita, hancinsa kusan a jikin gilashin kwamfutar, hoto biyar ko shida. Sittin da ɗaya suka koma ɓangaren zakin dutse. Saura ashirin, ganin ya ɗauke.

Da na je gaishe shi a gidansu na titin Grand Concourse, na tarar da ita a gefensa, tana kwatanta masa hoto da Hausarta mai ɗingishi. Tausayi ya kama ni, na tsaya a bakin ƙofa ina saurarensu.

"Baba, akwai gashi da yawa. Da wannan abin na ciki, babba."

"Tumbi, 'yata. Yana jikin naman, ko an ja shi gefe?"

"An ja shi gefe."

"To rubuta zakin dutse. Saura nawa?"

"Goma sha tara, Baba."

Ya lalubo hannunta ya riƙe.

"Kada ki yi sauri," ya ce.