Malamar da ke karatu a juye

Ina kan tsani ina gyaran fanka a laburaren makaranta. Malamar laburaren tana zaune kan tabarma, 'yan aji ɗaya sun kewaye ta, yau ne farkon shigowarsu. Dattijuwa ce siririya, gilashinta ɗaure da zare. Ta fuskantar da littafin hotuna wajen yaran, tana leƙowa ta sama tana karantawa a juye, labarin 'yar giwa da ta ɓata.

"Ku taɓa mana, 'ya'yana, ba ta cizo!"

Ana kaɗa ƙararrawa suka watse, ko waige babu. Ina jin ba mai jiran ta a gida, don ba ta tashi ba. Ta buɗe shafin ƙarshe, ta nuna wa tabarma.

"Kun gani? Ta sami uwarta."