Kututturan da na bari a hanyar Safo

Karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal, wato firamare, ba, amma bana na tsaya gaban ɗaliban jami'a, ina magana suna rubutawa. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in tashi in taka rawa, duk da ciwon gwiwa. Sai dai akwai abin kunya a cikin labarin, kuma da shi zan fara.

Ina saurayi sana'ata saran itace. Akwai wani fili a hanyar Safo wanda a lokacin in ka shiga ba ka ganin rana sosai: gawo, kirya, aduwa, marke, kalgo. Ni da gatarina da amalanken jaki muka cinye shi cikin 'yan shekaru, ina kaiwa Maradi wurin masu gashin burodi da maƙera. Da jikoki suka taso suna tambayar ina itatuwan da ake ba su labari, sai in ce fari ne ya kashe su. An yi farin, ba ƙarya. Amma farin ba shi da gatari.

Babbar jikata tana karatun noma a jami'a. Tun tana ƙarama take zama gefena tana jin wannan labarin fari, kuma ta yarda da ni fiye da kowa. Wata Juma'a ta shigo gida da murnarta.

"Angona, tashi ka wanke riga, jami'a na nemanka!"

"Amarya, ni da ban gama lakwal ba, mi zan yi musu? Gadi?"

Ta ce an ba jami'arsu fili don koyar da ɗalibai, kuma sun yanke shawara ba za su yi ta jigilar ruwa suna dasa ƙananan itatuwa ba. Za su tayar da waɗanda ke cikin ƙasa. Itacen da aka sare, in ji ta, sau da yawa saiwarsa na nan da rai, kowace shekara yana toho, awaki da masu sassabe suna gamawa da shi. Matsalar ita ce yanzu rani ne, rairayi ya rufe kututturan, ga shi suna son su killace su kafin damina. Suna neman dattijon da ya san filin tun yana daji.

Na ce wane fili? Ta ce na hanyar Safo.

Filin da na cinye ke nan. In na je, dole ta gane. In na ƙi, abin da na bari da sauran rai zai ƙarasa mutuwa. Na wanke rigar.

Ranar Litinin motar jami'a ta tsaya ƙofar gidana, maƙwabta duk sun fito kallo. Muka isa filin, fetal, sai 'yan ciyayi. Amma ƙafata ta san wurin. Na yi taku kaɗan daga bakin hanya na ce, "Nan gawo ne." Wani ɗalibi ya sa fartanya. Bai daɗe yana tono ba ya daki itace. Ya kankare ɓawon da farce, sai ga ɗanye shar! Yaran nan suka yi ihu kamar an ci ƙwallo. Ni kaina ban san lokacin da na yi kabbara ba. Shekara nawa ina barci, shi yana nan ƙasa yana jira.

Daga nan sai gudu. Nan aduwa ce mai reshe biyu. Can marke. Waccan kwanar kalgo uku a jere. Ni tsoho ina gaba, su suna bina da turaku da jan fenti suna haki. Wata ɗaliba ta ce, "Baba, a hankali, mu ne matasan fa!"

Malaminsu, wanda suke kira mushe, wato malam da Faransanci, ya matso kusa da ni. Ya ce, "Baba, wannan sani ya yi yawa. Kiwo kuka yi a nan?"

Jikata na tsaye da littafinta, fuskarta cike da alfahari. Da na ce kiwo ne, da an wuce wurin. Na ce, "A'a, mushe. Ni na sare su. Dukansu. Ba fari ba ne."

Jikata ta rufe littafin, ta juya baya.

Na ce su biyo ni akwai saura ɗaya. A tsakiyar filin akwai wata kirya da mutum biyu ba sa rungume ta. Ita ban tsaya ga sara ba, wuta na cusa wa gindinta don in sami gawayi. Suka tona, suka tona. Baƙin gawayi kawai. Wannan ba ta dawowa.

Mushe ya ce a kafa turke a nan ma. Ya ce duk sababbin ɗaliban da za a kawo, a fara tsayar da su a wannan ramin, kuma in na yarda, ni zan faɗa musu abin da ya faru da bakina. Na yarda tun bai rufe baki ba.

Muna dawowa a mota, muka hango tafkin garinmu. Sannan jikata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shekara ashirin kana ɗora wa fari laifinka."

Na ce, "Haka ne."

"To sakinka zan yi."

"Ki bari damina ta faɗi tukuna, amarya."

Ta yi dariyar da ba ta so yi ba, ta share ido da gefen mayafi.

Damina ta faɗi. Gawon farko ya fito da toho bakwai. Jikata ce ta riƙe mini su ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi biyu mafi ƙarfi da za a bari, ni kuma na datse sauran da adda. Da na ɗaga addar sai ta kama hannuna ta ce, "A hankali, tsoho. Na san halinka."