Gwiwa a Ƙirji, a Tsakiyar Ruwa

Jiya likita ta ce in riƙa kwanciya rigingine ina jawo gwiwa zuwa ƙirji, saboda jijiyar da ke sukata daga ƙugu har dunduniya. Ina kwantawa sai na ji ƙarnin kifin jirgin Baba.

Shi ma ciwon da ya sha fama da shi ke nan. Amma dattijo kamarsa ya ɗaga ƙafa sama gaban surukai? Sam! Sai ya kai tsakiyar ruwa yake motsa jikinsa.

Wata rana ina yarinya, muna dawowa daga kasuwar Wara, hadari ya taso, ƙafar ta riƙe. Ya saki filafili ya kwanta cikin jirgi.

"Baba, ruwa na shigowa!"

"Kwashe da ƙwarya, ɗiyata, ki ƙirga mini ashirin. Ban da sauri."

Ina kuka ina ƙirgawa, shi yana cije leɓe. Daga sha biyu na tsallake zuwa sha takwas.

"Koma baya," in ji shi.

Sai da na cika ya tashi ya kai mu gaɓa.

Yau ban tsallake ko ɗaya ba, Baba. Allah Ya jiƙanka, Ya sa makwancinka ya yi wa bayanka taushi.