Ranar Da Aka Ci Garina Ta Bakin Teku

Ko zan manta komai, ba zan manta Asabar ɗin da wani tsoho ya ci garina da yaƙi ina zaune da kofin zoɓo a hannu ba.

A lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Katsina. Wani abokina yana da shagon gyaran kwamfuta a Ƙofar Kaura, nan muke haɗuwa duk Asabar bayan azahar mu buga wani wasan yaƙin zamanin da. Kowa da kwamfutarsa, ka gina gari, ka tara mayaƙa, ka je ka ci garin abokin karawarka. Wata huɗu ba wanda ya kai ni ƙasa. 'Yan majalisa suka naɗa ni Sarkin Yaƙi, da sharaɗin duk ranar da aka ci ni, ranar zan sauka. Ni kuwa na riƙe sarautar nan da gaske, har tafiyata ta sauya.

Sirrina ganuwa ce. Ni ɗan cikin birni ne, tun ina ƙarami abin da na sani shi ne gari da ganuwa da ƙofofi. Don haka da an fara wasa sai in kewaye garina, in ce wannan Ƙofar Guga, waccan Ƙofar 'Yandaka, in jera maharba a kai.

Kusa da shagon akwai wani dattijo mai gyaran agogo, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya daɗe yana aiki a tashar jiragen ruwa a Legas kafin ya yi ritaya. Baba muke ce masa. Ran nan aka zaɓo taswira mai teku, ya leƙo yana kallon ginina.

Ya ce, "Malam, wannan gefen fa? Ba ka sa katanga ba."

Na ce, "Baba, ruwa ne hwa. Wa za ya biyo ta ruwa? Doki iyo yake?"

Ya ce, "Jirgi ɗaya zai kwashe dawakinka duka da masu su. Kai ne malamin tarihi, Turawa ta ina suka shigo ƙasar nan?"

Na ce, "Wannan Legas ce, Baba. Nan Katsina muke." Majalisa ta kwashe da dariya, ni ma na ji daɗin kaina.

Sai ya ce to mu gwada. Ko linzamin kwamfuta bai iya riƙewa ba, mai shago ne ya zauna yana dannawa, Baba na tsaye a bayansa yana ba da umarni kamar mai tsaron leburori.

Can sai ga 'yan dakarunsa, ba su fi a ƙirga ba, a bakin Ƙofar Guga tawa. Na buɗe ƙofa na saki dawakina kaf a kansu. Suka juya da gudu, na bi su har cikin daji ina yi wa kaina kirari. Ina cikin haka na ji shago ya yi tsit. Na duba gefen teku, sai ga jirage jere reras, mayaƙa na ta zubowa tsakiyar kasuwata. Na juyo da dawaki a guje, ashe ganuwar da nake taƙama da ita ce za ta tare ni. Sai da suka zagaya suka yi layi a ƙofa ɗaya, kafin su shiga an ƙone fada.

Wallahi na ji zafi. Mai shago ya faɗi daga kan kujera don dariya. Nan take aka tuɓe ni aka naɗa Baba, har da masu faɗuwa gaisuwa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kar ka damu, Malam. Ni ban iya wasan ba. Teku kawai na sani."

Maganar nan ta fi kayen shiga jikina. Shekara da shekaru ina rubuta wa ɗalibai a allo cewa ta teku aka shigo, amma ni ruwan da na taɓa gani bai wuce na dam ba, don haka ban taɓa jin tsoronsa ba. Tun daga ranar, in wanda ya ga abu da idonsa ya nuna mini inda na bari a buɗe, rufe bakina nake in saurara, ko da kuwa ni ne na karanta littafin.